Yarona yana son aikin jirgin ƙarƙashin teku na sojan ruwan Amurka, ina neman wanda ya san zaman ciki

Baban Yara:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci tun makon jiya, na ga gara in kawo ta nan, ko Allah zai sa a samu wanda ya san ta da idonsa. Yarona na fari, wanda aka haifa a nan Amurka, ya gama sakandare a bana, sai kawai ya je ofishin masu ɗaukar kuratan sojan ruwa ba tare da ya fara shawartata ba. Shiga sojan ba ta dame ni ba, domin mahaifina ma ya sa kaki a gida Najeriya har ya yi ritaya. Damuwata ita ce yaron ya kafe a kan cewa jirgin ƙarƙashin teku yake so, kuma an shaida masa cewa ba a tura kowa can a kan dole, sai wanda ya rattaba hannu da kansa cewa ya amince. Mahaifiyarsa tun da ta ji labarin ba ta ƙara cin abincin kirki ba, ni kuwa da na rufe ido sai in ga yaron a cikin tukunyar ƙarfe a ƙasan teku, babu taga, babu hanyar fita. Takardun da aka ba shi na karanta su tas, duk talla ce. Abin da nake nema shi ne wanda zai gaya mini gaskiyar zaman cikin jirgin: inda mutum yake kwana, da abin da yake ci, da iskar da yake shaƙa, da yadda Musulmi yake yi da sallarsa a wurin da ba ya ganin rana.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban taɓa shiga irin wannan jirgi ba, amma ni injiniya ne, kuma da ɗana ne da ban yarda ba. Duk mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwan da ke danna jirgi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa, wato a zurfin mita 200 abin ya ninka kusan sau 20, kuma rundunar da bakinta ta ce jiragenta suna wuce zurfin ƙafa 800. A irin wannan wuri, ƙaramin bututu ɗaya in ya fashe, ruwan da zai shigo ba ya jiran kowa. Kada mu manta da Kursk na Rasha da ya nutse a watan Agustan 2000 da mutum 118, da San Juan na Ajantina a 2017 da mutum 44, da Nanggala na Indonesiya a 2021 da mutum 53, kuma a cikin ukun nan babu rai ɗaya da ya fita. Ka lallashe shi ya zaɓi jirgin da ke tafiya a bisa ruwa, ai kakin ɗaya ne.

Tsohon Sojan Ruwa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni. An kawo ni Amurka ina ɗan shekara 12, na shiga sojan ruwa a 2008 na bari a 2016, kuma yawancin shekarun nan na yi su ne a jiragen ƙarƙashin teku samfurin Los Angeles. Ba zan ambaci sunan jirgi ko wuraren da muka je ba. Sashen da na yi aiki shi ne mai kula da injinan iska da na ruwa da makewayi, saboda haka tambayoyinka a gonata suka faɗo.

Alƙaluman da injiniya ya kawo gaskiya ne, har ma zan ƙara masa biyu na Amurka: Thresher ya nutse a watan Afrilun 1963 da mutum 129, Scorpion kuma a watan Mayun 1968 da mutum 99. Bayan Thresher ne aka kafa tsarin da ake kira SUBSAFE, wanda ya wajabta cewa duk bututu ko bawul (makunnin buɗe bututu da rufe shi) ko walda da ke tare ruwan teku sai an san inda aka ƙera shi, da wanda ya ɗaura shi, da wanda ya gwada shi, kowanne da sa hannunsa. Na sha ganin aikin minti 20 ya tsaya yini guda saboda takardar noti ɗaya ba ta cika ba, a lokacin ina jin haushi, yanzu kuwa na gane. Tun daga Scorpion Amurka ba ta sake rasa jirgin ƙarƙashin teku a cikin teku ba. A 2005 jirgin San Francisco ya yi karo da dutsen ƙarƙashin teku da cikakken gudu a kudancin tsibirin Guam, mutum ɗaya ya rasu, da yawa sun ji rauni, amma jirgin ya taso ya kai kansa tasha.

Saboda haka, Alhaji, abin da ke hana ka barci daban, abin da zai wahalar da yaron daban. Zurfin ba a ma jin sa, domin babu taga, kuma a can ƙasa babu igiyar ruwa, wani lokaci sai ka manta a jirgi kake. Waɗanda na ga sun karye a gabana, rashin barci da cunkoso ne suka karya su.

Ka ɗauki bututu mai tsawon mita 110 da faɗin mita 10, ka ba injina da tukunyar nukiliya mai ba jirgin wuta fiye da rabinsa, sannan ka zuba maza sama da 130 a sauran. Gadaje hawa uku ne, kuma tazarar da ke tsakanin katifarka da ƙasan gadon sama ba ta wuce kamu ɗaya da ɗan wani abu ba, ba a zama a kai, mirginawa ake yi a shiga. Duk abin da ka mallaka a duniya na tsawon wata shida yana cikin wani akwati marar zurfi da ke ƙarƙashin katifar, sai ka ɗaga ta za ka kai gare shi. Gadajen kuma ba su kai yawan mutanen ba, don haka sababbin shiga mutum uku suke raba gado biyu, ko kuma a shimfiɗa musu a ɗakin makamai kusa da tofido, wato makamin da ake harbawa ta cikin ruwa. Ranar farko da na sauko daga duti na ja labule na kwanta, ɗumin jikin wanda ya tashi yana nan a katifar, har da alamar kansa a matashin, kuma na daɗe idona biyu kafin gajiya ta ci ƙarfina. Bayan mako biyu na daina lura. Ɗakin kwanan kullum a cikin duhu yake, sai jar fitila, ba a ɗaga murya, kuma wannan ɗan labulen shi ne gidan mutum, in ya ja shi babu mai buɗewa sai mai tashinsa duti.

Lokacin da na shiga, yininmu awa 18 ne: awa 6 a bakin duti, sauran 12 kuma a cikinsu za ka yi gyaran injina, da shara, da atisaye, da karatu, abin da ya rage shi ne barcinka. Ma'ana lokacin kwanciyarka yana gusawa da awa 6 kowace rana, jiki ba ya taɓa sabawa. A 2014 aka koma yini mai awa 24 da duti na awa 8, kuma na shaida sauƙin da aka samu, amma har gobe ƙararrawar atisayen gobara ba ta tambayar ko awa nawa ka yi da kwanciya.

Baban Yara:
Na gode ƙwarai, ƙanena, Allah ya yi albarka. Wannan magana ta raba gado ban gan ta a takardunsu ba. To iskar fa? Na kasa gane yadda mutum sama da ɗari za su yi watanni a rufe iskar ba ta ƙare ba.

Tsohon Sojan Ruwa:
Iska ita ce sana'ata, Alhaji. Muna ɗebo ruwan teku mu tace gishirin, sannan wata na'ura ta ratsa shi da wutar lantarki ya rabu gida biyu, oksijin mu ajiye don shaƙa, haidirojin mu fitar da shi waje. Iskar kabon da mutane ke fitarwa kuma wani sinadari mai suna amin ne yake tsotse ta. Tun da tukunyar nukiliya ba ta buƙatar iska don ta ba da wuta, jirgin zai iya zama a ƙasa har sai abinci ya ƙare, abinci ne ke dawo da mu, ba mai ba. Sai dai wannan amin yana da wari, kuma yana haɗuwa da na man inji da na girki da na mutane ya kama komai. Kai da ke ciki ba ka jin sa. Dawowata ta farko, mahaifiyata ta rungume ni a bakin ƙofa tana kuka, da ta buɗe jakata sai ta mayar da ita baranda, kwana uku tana wanke kayan, a ƙarshe wasu riguna zubar da su aka yi. An hana shan taba a cikin jiragen daga ƙarshen 2010, giya kuwa tun 1914 aka hana ta a jiragen sojan ruwan Amurka, wannan kam ka kwantar da hankalinka.

Ruwa akwai, amma injina ne ke fara sha, sai girki da sha, wanka da wanki su ne na ƙarshe. Wankan shi ne ka buɗe famfo ka jiƙa jiki, ka rufe, ka shafa sabulu, ka sake buɗewa ka ɗauraye, sannan ka goge bangon ƙarfen don na bayanka. Wanda ya tsaya ɓata ruwa, kafin ya fito an san da shi. Injin wanki ɗaya ne da na busarwa ɗaya ga kowa da kowa, kowane sashe da ranarsa.

Abinci kuwa, an san cewa na jiragen ƙarƙashin teku ya fi na sauran runduna, kuma haka na gani. Ana ci sau huɗu, har da na tsakar dare, masu girki suna gasa burodi a ciki. Kafin doguwar tafiya muna jera gwangwanaye a daɓen hanyoyi a ɗora katako a kai, sai ka zama kana tafiya a kan abincin da za ka ci nan da wata biyu, masu tsawo suna ta buga kai da bututu, kuma da daɓen ya fara komawa ƙasa ka san tafiya ta yi nisa. Ɗanyen ganye da tumatir da 'ya'yan itace ba sa wuce mako biyu, daga nan sai na gwangwani da na firiza. Da abincin ma muke gane lokaci: in ka ga ƙwai a faranti, ka san safiya ce. Abin da ya kamata ka sani shi ne naman alade yana yawan fitowa, kuma sabon shiga yakan yi makonni yana wanke-wanke a kicin, tukwanen da aka soya shi suna cikin abin da zai wanke. Ni na yi wa shugaban masu girki bayani tun ranar farko, ya riƙa gaya mini abin da ke cikin kowace miya, in babu abin da zan ci ya ba ni kifi ko ƙwai da shinkafa.

Hajiya Inna:
Assalamu alaikum. Maza kuna ta maganar ƙarfe da iska, ku bari in faɗi abin da wanda aka bari a gida yake gani, domin ita uwar yaron nan ce za ta zauna. Mijin ƙanwata ya yi aiki a manyan jiragen nan samfurin Ohio masu ɗauke da makamai masu linzami, waɗanda sansanoninsu ke Kings Bay a Jojiya da Bangor a jihar Washington. Kamar yadda yake ba mu labari, su sun fi samun sarari, jirgin ya kai mita 170, kowa da gadonsa a ƙananan ɗakuna na mutum tara da ke tsakanin bututun makaman, kuma kowane jirgi ayarin ma'aikata biyu gare shi, masu shuɗi da masu zinariya, suna karɓa-karɓa. Amma aikinsu shi ne su ɓace na fiye da wata biyu kada kowa ya san inda suke, ba sa tsayawa wata tasha yawon buɗe ido. Babu waya, babu kiran bidiyo, sai ɗan saƙon imel na rubutu zalla da ake karantawa kafin a bari ya wuce, wani lokaci ya zo, wani lokaci a yi makonni shiru. Ƙanwata ta haihu yana teku, aka yi suna aka watse bai ga jaririyar ba sai da ta yi wata biyu. Wannan da sauƙi. Lokacin da mahaifinsa ya rasu a gida, saƙon hannun kyaftin ya je, domin shi ne ke duba lokacin da ya dace a gaya wa mutum, tun da ba za a juya jirgi saboda rasuwa ba. Aka yi jana'iza, aka yi sadakar uku da ta bakwai, ya dawo dab da ta arba'in. Har yau in an tuna masa yakan yi shiru. Alhaji, mu mutanen zumunci ne, ɗan fari ne kuma, ku zauna ku uku ku yi wannan magana a fili tun yanzu, ku tambaye shi ko ya yi tunanin ranar da za a neme shi a rasa.

Malam Ƙarami:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Zan taɓa ɓangaren salla kawai, tun da Alhaji ya tambaya. Matsalar mai tafiya a jirgin ruwa tsohuwa ce a wurin malaman fiƙihu. A mazhabar Malikiyya matuƙin jirgi yana yin ƙasaru ko da iyalinsa suna tare da shi a cikin jirgin, kuma an ce mai farilla a jirgi ya fuskanci alƙibla, ya juya tare da ita in jirgin ya juya, matuƙar hakan zai yiwu. In bai yiwu ba, ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen kintata ta, sallarsa ta yi. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, kuma yana da rangwamen ajiye azumi ya rama. Abin da ya fi sarƙaƙiya shi ne lokaci, tun da ba ya ganin fitowar alfijir ko faɗuwar rana, kuma ba lallai a gaya masa inda yake ba. A nan malamai sukan kafa hujja da hadisin kwanakin Dujal, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da a ƙaddara wa salloli lokutansu. Da irin wannan fahimta malaman Malesiya suka tsara wa ɗan sama jannatinsu Sheikh Muszaphar Shukor yadda zai yi ibada lokacin da ya tafi tashar sararin samaniya a 2007, cikin watan azumi, inda suka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi. Saboda haka addini bai rufe ƙofa ba. Abin da nake jin tsoro shi ne yaro ɗan shekara 18 shi kaɗai, babu ladan, babu jam'i, babu mai ce masa tashi, ga gajiya. Wallahu a'alamu.

Tsohon Sojan Ruwa:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓa inda yake ciwo. Babu limami ko fasto a cikin jirgin, sai wani daga cikin ma'aikata da ya ɗauki nauyin jagorantar masu addininsa, kuma a duk jiragen da na zauna ni kaɗai ne Musulmi. Na riƙa bin agogon jirgi da jadawalin sallar tashar da muka baro, wanda nake bugawa a takarda kafin mu tashi. Butata wata ƙaramar gorar roba ce da nake ɓoyewa a aljihu in zan shiga makewayi. Wurin sallata wani ɗan lungu ne a ɗakin injina, tsakanin famfo biyu, daidai tsawon dardumata in na naɗe gefenta, kuma in na yi sujada ina jin rawar injin a goshina. Wani abokina a sashen kula da hanya, Kirista ne daga Texas, in na wuce ta wurinsa sai ya nuna mini wajen alƙibla da haɓarsa, bai taɓa faɗa mini inda muke ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Babu wanda ya taɓa hana ni salla. Amma ba zan yi wa Alhaji ƙarya ba, a shekarata ta farko na sha haɗa salloli fiye da yadda shari'a ta ba ni dama, saboda barci.

Dalilin kuwa shi ne shekarar farkon nan ta fi kowace wuya. Bayan horon kurata a Great Lakes ta jihar Illinois da makarantar jiragen ƙarƙashin teku a Groton ta Connecticut, yaro yana shiga jirgi ne a matsayin wanda bai san komai ba, kuma ba a ɓoye masa hakan. Za a ba shi kati mai jerin dukan tsare-tsaren jirgin, na iska, na ruwa, na lantarki, na makamai, ya riƙa bin manya ɗaya bayan ɗaya suna yi masa tambayoyi, sai ya zana bututu da ka ya nuna bawul da hannu kafin a sa masa hannu. Wanda ya makara a ƙara masa awannin karatu daga cikin barcinsa, kuma ba a son ganinsa yana kallon fim ko karta. Abin yakan ɗauki kusan shekara, a ƙarshe a zaunar da shi gaban kwamiti, in ya ci a maƙala masa lambar kifin dolfin ta azurfa, ta hafsoshi kuma ta zinariya ce. Ana yin haka ne domin in gobara ta tashi ko ruwa ya ɓalle, wanda ya fi kusa shi zai rufe bawul, ko da mai girki ne.

Ɗan Maraɗi:
Na karɓi gyara a kan batun SUBSAFE, ban san tsananinsa ya kai haka ba. Amma ina nan a kan bakana, domin abin da kuka bayyana, ke Hajiya da kai soja, bai sa na ga dalilin da zai sa mai hankali ya zaɓi wannan da kansa ba. Sannan tambaya biyu: mutum yana kwana kusa da tukunyar nukiliya shekara da shekaru, turirinta, wato radiyeshan, ba ya taɓa lafiyarsa da haihuwarsa? Kuma in ciwo mai tsanani ya kama shi a tsakiyar teku, wa zai duba shi?

Tsohon Sojan Ruwa:
Injiniya, tukunyar tana bayan katanga mai kauri, kuma akwai ƙaramar na'urar awo da ake ɗaurawa a ɗamara a riƙa karantawa ana rubutawa. Turirin da ma'aikacin jirgi yake samu a tafiya yakan gaza abin da kai kake samu daga ƙasa da sararin sama kana zaune a gidanka, domin ruwa da ƙarfe sun tare masa waɗancan. Ni dai 'ya'yana uku, alhamdulillahi. Rashin rana ya fi damuna, mu fito fatarmu ta koɗe, ido kuma ya ɗauki kwanaki kafin ya saba da hangen nesa, tun da watanni bai ga abin da ya wuce 'yan taku ba.

Likita kam babu. Jami'in jinya ɗaya ne da aka yi wa horo na musamman don ya yi aiki shi kaɗai, shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne mai duba haƙori, in abin ya fi ƙarfinsa sai a nemi inda za a taso a miƙa mutum ga jirgin sama mai saukar ungulu ko wani jirgin ruwa. Shi ya sa binciken lafiya da na hali kafin a ɗauki mutum yake da tsanani, har turamen ƙarshe na baki akan cire wa da yawa tun kafin su ba da matsala.

Dalilin zaɓa kuwa, akwai ƙarin albashi na wata-wata a kan na sauran sojan ruwa, kuma a teku babu inda za ka kashe shi. Akwai sana'a: wanda ya bi layin nukiliya yakan rattaba hannu na shekara 6, ya yi karatu mai zafi a Goose Creek ta South Carolina, kuma kamfanonin wutar lantarki suna neman irinsu. Ni da abin da na koya a injinan iska nake ci da iyalina yanzu. Akwai kuma abin da ke da wuyar faɗa wa wanda bai shiga ba: a jirgin da kyaftin ya san sunan kowa, babu wanda ya damu da launinka ko inda aka haifi ubanka, abin tambaya shi ne ko za a iya barci alhali kai ne a bakin duti. Yaron da ya dace shi ne mai haƙuri da mutane, wanda tsokana ba ta fusata shi, mai iya karatu ba a tsaye a kansa ba. Mai zuciya a kusa, ko mai son kaɗaici, ko wanda ba ya iya awa biyu babu waya a hannu, zai sha wuya komai jarumtarsa. Alhaji ya fi mu sanin wanne ne nasa.

Ɗan Kurmin Mashi:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni a Kaduna nake, kuma ina shirin neman shiga sojan ruwan Najeriya. Shin mu ma muna da irin wannan jirgi, ko kuwa mutum zai iya zuwa Amurka ya shiga nasu?

Tsohon Sojan Ruwa:
Ƙanena, sojan ruwan Najeriya ba su da jirgin ƙarƙashin teku. A Afirka, Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne suke da su, kuma nasu masu dizal da batir ne, sun fi namu ƙanƙanta da matsi, sai sun riƙa tasowa kusa da saman ruwa suna zuƙar iska don su caja batir. Na Amurka kuwa sai ɗan ƙasa, katin izinin zama bai isa ba, domin aikin yana buƙatar izinin sanin sirrin tsaro. Wannan ya shafe ka, Alhaji: za a tambayi yaron game da danginsa da ke Najeriya da tafiye-tafiyensa, ya faɗi gaskiya duka, kada ya rage komai.

Baban Yara:
Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya bayan isha'i na zaunar da yaron na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Maganar gado da wari dariya ta ba shi, amma da na zo kan labarin da Hajiya ta bayar sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce a ba shi lokaci. Bai riga ya rattaba hannu ba, na kuma gaya masa duk alkawarin da aka yi masa da baki sai na gan shi a rubuce. Injiniya, ban ce na yarda ba, ban kuma ce na hana ba. Mun yi shawarar mu tuƙa zuwa Groton ƙarshen wata mu shiga tsohon jirgin ƙarƙashin tekun nan Nautilus, tun da na ji an mayar da shi gidan tarihi. Abin da ban yanke ba shi ne ko in tafi da mahaifiyarsa.

Tsohon Sojan Ruwa:
Ku je, Alhaji, shiga kyauta ne. Shi ne jirgin nukiliya na farko, ya fara aiki a 1954, kuma shi ya ratsa ta ƙarƙashin ƙanƙarar Arewacin duniya a 1958. Sai dai ka tuna wa yaron cewa wanda zai gani an wanke shi, an yi masa matakala don baƙi, babu wari, babu ƙarar injin, kuma bayan rabin awa zai fito ya ga rana. Ka sa ya tsaya gaban gadajen ya ƙirga su. Hajiyarsa kuwa, da ni ne da na bar ta a gida, ganin gadajen nan zai ƙara tayar mata da hankali.

Hajiya Inna:
A'a, ɗana, a nan ban bi ka ba. Abin da take gani a zuciyarta tun makon jiya ya fi duk abin da za ta gani a Groton muni. Alhaji, a tafi da ita, kuma in kun shiga ku bar ta ta yi wa yaron tambayoyinta da kanta, kai ka ja baya kaɗan.